Wanda Ya Kwana a Bayan Igiya

Tun da na dawo daga Sin bakina bai huta ba. Duk wadda ta shigo yi mini sannu da zuwa, ko zama ba ta gama yi ba za ta ce, "Hajiya, wai da gaske a daji kika kwana?" A kasuwa haka, a gidan suna haka, har a waya. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowacce ta tafi da nata ta ƙara masa gishiri. To ga shi daga farko. Eh, na kwana a daji, a cikin tanti, ni da ko a tsakar gidana ba na kwana sai zafi ya kai zafi. Amma ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ba.

Autata Nafisa ce ta kai ni. Karatu ta tafi Guangzhou, a hannun ƙanena Sabo da ya daɗe a can yana yi wa 'yan kasuwar Kano lodin kaya. Ta gama karatun, ta zama tafinta, ita ke shiga tsakanin mutanenmu da masu shaguna. Kwatsam sai ga magana: wani ɗan Gana mai suna Bashiru, ɗan zangon Kumasi, yana sonta, ita ma tana so. Mahaifinta ya rasu, ƙanensa Baffa Ado ne waliyyinta. Ya zo har gida ya ce mini, "Ni ban san yaron nan ba, ban san ubansa ba, babu unguwar da zan tura a yi mini bincike. Ke da ake aiko miki da mayafai daga can, ki je. Kika ce a ba shi, na ba shi. Kika ce a'a, an rufe maganar." Nafisa ma a waya ta ce, "Umma, duk abin da kika yanke shi zan bi." Na san 'yata. Za ta bi ɗin, amma da wace zuciya? Wannan nauyin na ɗauka na shiga jirgi da shi.

Daga Kano sai Addis Ababa, inda muka sauya jirgi. Sanyin wurin ya shiga ƙashina, ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. A jirgi na biyu Allah ya haɗa ni da wata Hajiya 'yar Maraɗi, tsohuwar hannu a hanyar. Ita ta koya mini kalmomi uku, ta ce sun ishe ni kasuwa: nihaw ita ce sannu, sheshe na gode, lawban kuma maigida, wato mai shago. Ta ce akwai ta huɗu, meyo, ma'anarta babu, amma wannan ba sai na koya ba, zan ji ta har ta ishe ni.

A wajen shige da fice lalle ya so ya ja mini. Na sa an yi mini lalle har kan yatsu saboda tafiya, haba, ai ba na je wa surukai hannu fari fat ba. Na ɗora yatsu a kan na'urar ɗaukar zanen yatsa, ta ƙi. Na goge da gefen mayafi na sake, ta ƙi. Jami'in, wani saurayi mai gilashi, ya leƙo yana kallon hannuna kamar na ƙone. Ya kira wata abokiyar aikinsa, ita ma ta kalla, ta yi murmushi ta ɗaga mini babban yatsa. Da ƙyar na'urar ta haƙura ta karɓa. Ina cewa na tsira, sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna daram a gaban jakata. Kilishina! Kilishin da na sa aka yi wa Nafisa na musamman. Ashe nama ba ya shiga ƙasar. Suka karɓe cikin ladabi, har da ɗan sunkuyawa. Na ce wa karen Allah ya isa, na wuce.

Nafisa da Sabo ne suka tare ni. Na rungume 'yata, na ji ta rame. Ina waige-waige. Na ce, "Ina shi?"

Sabo ya ce, "Yaya, shi ya turo motar nan. Yana Nansha wajen lodin kwantena."

Na ce to. Amma na ajiye wannan a raina. Uwar yarinyar da kake so ta keto duniya, kai kuma sai ka turo mota?

Masaukina wani otal ne a titin Liuhua, kusa da tashar jirgin ƙasa. Ɗakin tsaf, sai dai ƙarami, in na shimfiɗa dadduma ƙofar banɗaki ba ta buɗuwa. A harabar kuwa sai ka rantse Kantin Kwari kake. Ga Kanawa, ga 'yan Nijar da Faransancinsu, ga 'yan Gana, kowa na ɗaure dila yana waya. Abinci a wajen Musulmin ƙasar muke ci, masu fararen huluna, waɗanda ke jan taliya da hannu a gabanka. Taliyar ba laifi, amma romon ruwa-ruwa ne, sai na zuba yajin da na ɓoye a cikin zannuwa. 'Yan sandunan da suke ci da su kuwa, sau ɗaya na gwada, taliya ta faɗa mini a cinya, na ce a kawo mini cokali kafin na yi abin kunya. Ruwan sha ma da zafi suke kawowa, rana tsaka, wai na sanyi yana ɓata ciki.

Washegari Nafisa ta kai ni Shisanhang, layin tufafin sari. Oh ni! Ban taɓa ganin mutane na gudu da kaya haka ba. Mata 'yan ƙanana suna jan buhun da ya fi su, in ba ka kauce ba su bi ta kanka. Babu doguwar gaisuwa, babu ina gajiya. Ka nuna, a danna maka farashi a na'ura, ka girgiza kai, a ce meyo, shi ke nan. Kuma ba wanda ke taɓa kuɗi da hannu, duk da waya ake biya, har mai dafaffen masara. Na tsaya ina kallon 'yata tana zuba yarensu kamar a can aka yanke mata cibiya, har wani lawban yana dafe ƙirji yana dariya. Na ji daɗi, na kuma ji tsoro. Na ce a raina yarinyar nan ta yi nisa, in ta ƙara aurar ɗan wata ƙasa, ni kuma yaushe zan riƙa ganinta?

A ofishin Sabo na fara ganin Bashiru, in ma za a kira wannan gani. Dogo ne baƙi, mai faɗin kafaɗa. Tun daga bakin ƙofa ya cire takalmi ya tsuguna, kansa a ƙasa.

"Mma, sannunku da zuwa. Kun zo lafiya? Ya mutanen gida?"

Na amsa. Na gyara zama zan fara yi masa tambayoyin da na tanado tun daga Kano, sai na ga ya miƙe da baya da baya, ya fice. Na ɗauka waya zai amsa. Shiru, shiru. Ashe ya tafi ke nan.

Haka muka yi ta yi. Kullum da safe sai na tarar da 'ya'yan itace a wajen masu otal, wai Bashiru ya kawo. Na ce ƙafata na ciwo, da yamma ga man shafawa. Amma shi, ko ƙeyarsa. Na sa aka gayyato shi cin abinci, ya zo ya biya, ya gaishe ni daga nesa, ana kawo kwanuka ya ɓace. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wa Nafisa, "Ke, ni mayya ce? Ko girman kai ne, ko kuwa akwai abin da yake ɓoyewa. Mutumin da ba zai zauna na kalli ƙwayar idonsa ba, ta yaya zan ba shi 'ya?" Ta ce ita ma ta rasa gane kansa, da ba haka yake ba. Ta juya tana share ido. Kwanakina kuwa suna ta tafiya.

Ana haka hutun ƙasarsu ya zo, masana'antu suka rufe. Sabo ya shigo da fara'arsa ya ce, "Yaya, ki shirya, gobe za mu kwana a daji. Mu huɗu. A can ba shi da wurin gudu."

Na ce, "Daji? Sabo, an kore ka daga gidan haya ne?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Wai a can masu hali ne ke yin haka. Mutum na da gidansa a hawa na sama, da na'urar sanyi, amma ranar hutu ya ɗauki iyalinsa su je gandun daji na gwamnati, su biya, su kwana a ƙasa. Na ce ikon Allah! Mu a wajenmu in ka ga mutum a tanti, ko Mina yake ko ambaliya ta ci gidansa. Amma da na ji an ce ba wurin gudu, na ce a ɗauko mini butata.

Mun bar gari da hantsi. Dogayen gine-gine suka yi ta raguwa har muka fara hawan tudu. A ƙofar gandun aka duba fasfo ɗinmu, aka nuna mana dokoki a allo, Nafisa na fassarawa: ba a hura wuta a ƙasa, ba a yanke reshe, kuma ba a kafa tanti sai a cikin filin da aka kewaye da igiya. Kowane iyali da dandamalinsu na katako. Bashiru da tasa motar ya zo, cike da kaya, ya riga mu isa. Muka tarar ya kafa tantuna biyu a dandamalinmu, ɗaya nawa da Nafisa, ɗaya nasu shi da Sabo, tsakaninsu bai fi taku ba.

Zan faɗi gaskiya, yaron ya iya aiki. Ƙofar tantinmu ya juyar da ita ta kalli itatuwa, yadda ba mai ganin cikinsa. Ya ɗaura wani yadi a gefe ya yi mana wurin alwala. Ya ɗaura ƙyalle a jikin wata bishiya, Sabo ya ce alƙibla ke nan. Har kujera mai jingina ya kawo mini saboda bayana. Duk na gani. Shi ne dai ban gani ba, don ina sauka daga mota ya gaishe ni ya zagaya bayan tanti.

Wurin cike yake da mutane, amma ba hayaniya. Ga masu dafa shayi a 'yan mitsi-mitsin kofuna, ga masu karta, ga wani ya zo da kyanwarsa a jaka. Maƙwabtanmu wata tsohuwa ce da mijinta da 'yarsu. Gajeriya ce, gashinta fari a yanke, bakinta ba ya shiru. Na ce mata nihaw, ta kama hannuna tana shafa lallen tana surutu. Ta kawo mini dafaffen dankali, na ba ta dabino. Ni da ita ba mai jin wani, amma mun yi hira sosai.

Bashiru ya dafa abinci a kan ƙaramin gas, wake da shinkafa irin nasu, da wani baƙin yaji mai mai da suke kira shito. Garau-garau ne dai ya je Gana ya yi arziki. Na ci na ƙara, ba zan ɓoye ba. Sabo ya jera kujeru huɗu. Na ce yau dai na kama shi. Ina! Ya ajiye kwanukan, ya ce zai ɗebo ruwa. Muka gama ci bai dawo ba. Can na hango shi a gindin wata bishiya, ya juya baya yana danna waya, kwanonsa na nan a rufe a gabanmu.

Na ce, "Sabo, kira shi."

Sabo ya kira. Ya zo ya tsuguna daga nesa. Na ce, "Ba za ka ci abinci ba?"

"Mma, na ƙoshi. Ku ci kawai."

Kai, ranar na ji kamar na jefe shi da buta. Bayan isha na shiga tanti na ce wa Nafisa, "Na gama gani. Gobe in mun koma zan kira Baffanki." Ba ta tambaye ni me zan ce ba, ta sani. Ta juya mini baya. Ina jin tana jan hanci a hankali, ga sauro, ga wasu ƙwari masu ƙara kamar injin markaɗe, ga ƙasa da tauri. Barcin dai sama-sama na yi shi.

Da asuba na leƙo, na tarar da butata a bakin tanti, ruwan cikinta da ɗumi. Na yi alwala, na yi salla, na zauna ina lazimi har gari ya waye. Iskar wurin, wallahi, tun ina yarinya a ƙauyen kakata rabon da na shaƙi irinta. Tsofaffi suka fito suna wani motsa jiki a hankali, kamar masu iyo a iska. Har na fara cewa ashe mutanen nan ba hauka suke ba. Sai na ji ana ɗaga murya daga cikin itatuwa.

Mai gadin gandun ne, da rigarsa ta aiki, ya taso Bashiru a gaba. Bashiru na rungume da wani ɗan ƙaramin tanti, fuskarsa duk ta kumbura da cizon sauro. Sabo ya fito yana mutsuke ido. Ashe yaron nan bai kwana a tantinsu ba. Da muka kwanta ya ɗauki nasa ya tsallake igiya, ya gangara can cikin daji ya kafa. Mai gadi na zagayen safe ya yi kiciɓis da shi.

Mutane suka taru. Mai gadin na faɗa, ya karɓi fasfo ɗinsa yana juyawa. Nafisa ta matso kusa da ni tana fassara mini a kunne. Wai kwana a bayan igiya laifi ne, kuma ga baƙon ƙasa abin ya fi nauyi. In shi kaɗai ne ya shigo ya kwana inda ya ga dama, sai an kai maganar ofis, a rubuta a sunansa, kuma irin wannan kan iya taɓa masa takardar zama. Amma in ɗan iyalin da suka kama dandamali ne, gargaɗi kawai za a yi masa.

Mai gadin ya nuna mu, ya tambaye shi. Bashiru ya amsa da yarensu, a hankali. Na ga Nafisa ta rufe baki da hannu.

Na ce, "Me ya ce?"

"Ya tambaye shi ko mu iyalinsa ne. Ya ce a'a. Ya ce baƙinsa ne, laifin nasa ne shi kaɗai, kada a taɓa mu."

Sabo ya daka masa tsawa da Hausa, "Kai, wane irin sakarai ne! Ka ce eh mana, a wuce wurin!"

Bashiru ya ɗago, karo na farko da na ga idonsa sosai. Ya ce, "Kawu, ba a ba ni ba. Yaya zan ce iyalina ne a gaban Mma, alhali ba su ce ba?"

Kalma ɗaya ce za ta fitar da shi, ba wanda zai kira ta ƙarya, ni kaina da ban ga laifinsa ba. Ga aikinsa, ga zamansa a ƙasar, duk suna cikin haɗari. Amma ya ƙi ɗaukar abin da ba a miƙa masa ba.

Kafin na yi magana tsohuwar nan maƙwabciyarmu ta kutso. Ba mai gadi ta nufa ba, ni ta nufa. Ta tsaya a gabana tana nuna ni da yatsa tana zazzaga masifa. Na ce, "Nafisa, wannan kuma me na yi mata?"

Nafisa ta rasa yadda za ta yi. "Umma, wai tun jiya take kallonki. Wai yaron aikinki ya kafa miki tanti, ya dafa miki, kin ci kin hana shi, kin kore shi daji sauro ya cinye shi. Wai ita ta kai masa masara jiya. Wai ba ki da tausayi."

Ni! Ni da almuru ba ya yi mini da sauran tuwo a tukunya ban rabar ba! Na juya kan Bashiru na ce, "Kai, don Allah faɗa mini, me na yi maka kake guduna tun da na zo? Dodo ce ni?"

Ya sake tsugunawa, tanti a hannu. "Mma, ku yi haƙuri. Mu a zango ba mu tsananta haka ba. Kawu ne ya ce mini a Kano suruki ba ya zama inda uwar matarsa take, ba ya ci a gabanta, ba ya haɗa ido da ita, ba ya kwana inda za ta ji numfashinsa. Ya ce in na karya ɗaya, na rasa Nafisa. Tantin kuwa ya yi kusa da naku, ni kuma ina minshari."

Na waiga. Sabo na ƙoƙarin shigewa bayan mota.

"Sabo! Zo nan, ɗan ƙaniya!"

"Yaya, wallahi tsokana ce. Na ga yana rawar jiki ne na ƙara masa. Ban san zai haddace ba."

"Tsokana? Kana kallo ina zagin yaro a gabanka kullum, ba ka buɗe baki ba?"

"Ai shi ya sa na kawo mu daji, na ce dole ku haɗu."

Na ce zan dawo kansa. Kunyar surukai gaskiya ce, muna yi, ni kaina mijin babbar 'yata har yau bai taɓa shan ruwa a gabana ba. Amma wannan bayan an san mutum ne, an ba shi. Wa ya taɓa jin an zo ganin mutum shi kuma ya shiga daji saboda ladabi?

Mai gadin ya gaji da Hausar da ba ya ji. Ya matso gabana da fasfo ɗin a hannu, ya yi mini tambaya, ya kalli Nafisa. Ta juyo gare ni ta ce, "Umma, wai ke ce babba a nan. Wai mutumin nan, wane ne shi a wajenki?"

Nafisa ta sunkuyar da kai, tana murɗa gefen hijabinta. Na kalli yaron, fuska kamar an yi masa ƙyanda, tun jiya da rana masara ɗaya ce a cikinsa. Na ce, "Ki ce masa surukina ne."

Ba ta motsa ba. "Umma, don a sake shi kika faɗa, ko kuwa..."

"Ke, ni na taɓa yi miki magana biyu? Ki faɗa masa. Mijin 'yata ne in Allah ya yarda."

Ta faɗa, da kuka da dariya a haɗe, har sai da mai gadin ya sa ta maimaita. Ya gyaɗa kai, ya miƙa wa Bashiru fasfo ɗinsa, ya yi wani dogon jawabi yana nuna igiya. Wai iyali a ciki suke kwana. Na ce sheshe, sheshe, ya tafi. Tsohuwar kuwa da aka yi mata bayani ba ta sauko ba. Wai in surukina ne ai abin ya fi muni. A wajensu, in ji ta, uwar mata ita ke cika wa suruki kwano da hannunta har sai ya ce ya tuba. Ta koma tantinta tana mita, ta dawo da man sauro ta danƙa masa.

Da aka watse na ce Bashiru ya zauna a kujera. Ya zauna a gefe-gefe kamar mai jiran hukunci. Na yi masa tambayar da ta fi damuna, na ce, "Za ka raba ni da 'yata?"

Ya ce, "Mma, ba zan ce muku za mu koma Kano da zama ba, aikina a nan yake, uwata kuma tana Kumasi. In na faɗa na yi ƙarya. Amma duk lokacin da hanya ta buɗe mana zuwa gida, ta Kano za mu fara."

Ba amsar da na so ji ba ke nan. Na so ya ce gobe zai kwaso kayansa ya dawo bayan gidana. Amma na riga na ga irin bakinsa da safen nan, na san abin da ya faɗa haka yake.

Nafisa ta ɗumama sauran wake da shinkafa, ta soya ƙwai. Na karɓi kwanon daga hannunta, na cika shi da kaina, na tula shito, na ajiye a gabansa. Na ce, "Ci."

Ya ɗauki cokali. Ya kai shi rabin hanya, ya kalle ni, ya mayar. Ya sake ɗauka, ya sake ajiyewa. Wallahi ya kasa. Abin da aka ɗora masa da wasa ya riga ya zauna masa a jiki.

Sai na miƙe, na ɗaga kujerata, na juya ta na fuskanci itatuwa, na ba shi baya. Na ce, "To, ba na ganinka. Ci abincinka, ɗana."

Can na ji cokali ya fara bugun kwano, a hankali, sannan da sauri. Nafisa ta zo ta zauna a ƙasa ta ɗora kanta a gwiwata. Ni kuwa ina zaune ina kallon daji, hawaye na zuba, ban juyo ba sai da na ji ya kankare kwanon tas.